"Fim Ya Fita Raina": Abin da Ke Kashe Marmarin Kallo, da Abin da Ke Farfaɗo da Shi

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda Abba El-Mustapha ke shugabanta, ta dakatar da haska finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin ana sakin su ba tare da an kai mata ta tace ba. An yi ta ka-ce-na-ce a kan hurumin hukumar da asarar furodusoshi. Amma akwai wasu mutanen da labarin ya wuce ko a jikinsu. Su ne waɗanda a da ba a fitar da sabon fim su kwana ba su gan shi ba, yau kuwa sun manta rabon da su zauna su kalli guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ka tambayi ɗayansu, amsar ba ta wuce, "Wallahi fim ya fita raina." Wasunsu hutawa suka yi. Wasu kuwa abin yana damun su, domin suna tuna daɗin da suke ji a da, suna so ya dawo, sun kuma rasa gane inda ya maƙale.

Magana ɗaya, dalilai daban-daban

Mutum huɗu za su iya cewa fim ya fita ransu, kowa da abin da yake nufi.

Na farko ginsa ya yi. Wanda aka ajiye wa kwanon alkaki, na farko da na biyu za su yi masa daɗi, kafin ya kai na shida ko ƙamshin ba ya so, alhali alkakin bai canza ba. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa daɗin kowane abu yana raguwa idan ana maimaita shi ba hutu. Bahaushe ya riga su faɗa: ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Na biyu bai ƙoshi da labari ba, zaman ne ya gagare shi. Zai kunna fim da niyya mai kyau, minti goma bai cika ba hannunsa ya kai kan WhatsApp, daga nan sai TikTok, kafin ya farga an wuce wurin da labarin ya ɗaure, sai ya kashe ya ce fim ɗin ba daɗi.

Na uku da gangan ya bari. Ko dai ya yi wa kansa hisabi ta fuskar addini, ko hidimar iyali da neman abinci ta cinye lokacin, ko kuma shekaru sun ja, labarin saurayi da budurwa ya daina yi masa magana. Wannan ba shi da wata matsala da za a warware masa.

Na huɗun ne ya kamata a tsaya a kansa. Idan ba fim kaɗai ya fita ran mutum ba, har da hira da abokai, da abincin da yake so, da ƙwallo, da zumunci, ga barci ya rikice, ga kasala da jin ba shi da amfani, aka kuma shafe mako biyu ko fiye a haka, to likitocin ƙwaƙwalwa suna lissafa rashin jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa cikin manyan alamomin ciwon damuwa. Canza fim ba zai yi wa wannan komai ba. Asibiti ya kamata ya nufa, kuma ciwo ne da ake maganinsa.

Bayanin da ke tafe ya shafi na farko da na biyu, waɗanda su ne mafiya yawa.

Yadda aka saba kallo a ƙasar Hausa

Don a gane abin da ya ɓata, sai an tuna yadda abin yake. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, daga baya aka sami irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado. Tun wajajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, suka kuwa sami karɓuwar da ta ba kowa mamaki. Zuwa silima tafiya ce da ake shiryawa: a yi wanka, a haɗu da abokai, a bi layin tikiti, a zauna cikin ɗaruruwan mutane ana ihu tare idan jarumi ya kayar da mugu. Amma wuri ne na maza. Matar aure mai kamun kai ba ta zuwa.

Kaset na bidiyo ne ya kai fim cikin gida. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin harkar finafinan Hausa na bidiyo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 harkar ta bunƙasa har ta sami mujallunta, irin su Tauraruwa da Fim, ta kuma sami sunan Kannywood. Mata da yara suka zama ginshiƙin 'yan kallo.

Wanda ya girma a lokacin zai tuna yadda ake yi. A aiki yaro shagon haya da kuɗi a hannu, ya dawo ya ce an riga an karɓa, sai gobe. Gobe ya samo, sai a tarar ba wuta. A ajiye kaset a kan talabijin ana kallonsa kamar baƙo. Can bayan sallar isha'i fitila ta haska, yaran unguwa su kwashe da ihun "Nepa!", kafin a gama mayar da kaset baya tsakar gida ta cika: matan gida a kan tabarma, maƙwabta sun shigo da mayafansu, yara sun yi sahu a gaba, wata tsohuwa tana yi wa muguwar kishiyar cikin fim Allah-ya-isa kamar tana jin ta. Idan aka rubuta "mu haɗu a kashi na biyu", sai a shafe makonni ana musu a kan abin da zai faru, a gidan biki, a bakin famfo, a makarantar Islamiyya kafin malam ya shigo.

Abubuwa uku ne suke riƙe da wannan daɗin, kuma babu ɗayansu da yake cikin kaset ɗin: jira, da jama'a, da ƙarancin zaɓi. Yawancin finafinan lokacin ba su kai na yanzu kyan hoto da sauti ba. Wanda ya koma ya kalle su yau zai ga makirufo yana leƙowa, ya ji iska tana kaɗa murya. Duk da haka an fi ɗokinsu.

Abin da ya sauya

Faifan CD ya maye gurbin kaset, satar fasaha ta yi ƙamari, sannan waya ta zo ta ƙarasa kasuwar. Dillalan finafinai na Ƙofar Wambai, waɗanda a da su ne masu zuba jari da rarraba kaya, kasuwarsu ta durƙushe. Shagon haya ya koma shagon 'yan dawunlodin, inda za ka miƙa waya ko memori a cika maka da finafinai ashirin a kan kuɗi kaɗan, na Hausa da India-Hausa da na Koriya da na Turkiyya. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, ta saba wa mutane da shiri mai fitowa mako-mako. Zuwa 2020, shekarar kullen korona, furodusoshi da dama sun koma YouTube da finafinai masu dogon zango, domin can ne kuɗi yake fitowa.

A nan akwai abin da mai kallo ya kamata ya sani game da yadda YouTube ke biya. Kuɗin daga talla yake zuwa. Kafin tasha ta fara samun rabonta na talla a dogayen bidiyo, sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara, kuma bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya cusa wa talla a tsakiyarsa. Ma'ana, tsawon lokacin da aka riƙe ka shi ne hajar da ake sayarwa. Furodusan da labarinsa ya karɓu ba shi da wani dalili na kasuwanci da zai sa ya rufe shi a kashi na goma sha biyu. Shi ya sa ake ganin gaisuwa ta ci minti uku, a nuna mota tun fitowarta daga gida har ta yi fakin, a maimaita abin da ya faru a makon jiya, a ƙirƙiro sabuwar kishiya ko ɓataccen ɗa duk lokacin da labari ya kusa ƙarewa. Akwai shirye-shiryen da suka haura kashi ɗari. Mai kallon da ya ce an ja masa rai har ya gaji ba sharri ya yi ba.

Wurin kallo ma ya sauya. Tsakar gidan nan da take cika, yanzu za ka shiga ka tarar da mutum biyar, kowa da wayarsa da abin sauraro a kunne. Uwargida ta jingina waya da galan ɗin mai tana yanka alayyahu, rabin hankalinta a kan tukunya, tana tura waƙa gaba da ɗan yatsa mai danshi. Idan ta yi dariya ba wanda ya san dalili. Idan fim ya ƙare ba wanda za ta yi musu da shi, sai dai ta danna na gaba.

Wa ke da laifi?

Ra'ayin da ya fi yawo shi ne laifin masu shirya fim ne: labari ɗaya ake juyawa, soyayya da kishi da gado da asiri, fuskoki ma su ne dai. Akwai gaskiya a ciki, kuma an ga yadda tsarin biyan kuɗi yake ƙarfafa hakan. Su kuma masu harkar suna da tasu amsar. Sun ce abin da mutane ke dannawa shi suke yi, wanda ya kashe kuɗi a kan labarin tarihi ko na bincike sau da yawa ba ya mayar da uwar kuɗinsa, ga ƙa'idojin tacewa da suke taƙaita abin da za a iya taɓawa, ga rashin isassun gidajen silima a Arewa da za su ba babban fim kasuwa. Ko shirin gina alƙaryar finafinai a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, wanda Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2016, janye shi aka yi bayan adawar malamai da wasu jama'a. Sai dai wannan ra'ayi na ɗora wa Kannywood laifi yana da giɓi babba: mutanen da suke da Netflix da finafinan duniya a tafin hannunsu su ma suna wannan kukan. Da ingancin fim ne kaɗai matsalar, da su sun tsira.

Ra'ayi na biyu waya yake tuhuma. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 ta sami kimanin minti biyu da rabi. A 'yan shekarun nan ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Adalci shi ne a faɗi cewa yawanci masu aiki a gaban kwamfuta ta auna, ba masu kallon fim ba, kuma sakamakon bai nuna ƙwaƙwalwa ta lalace ba. Abin da ya nuna shi ne sabo. Wanda ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin da ke ba shi dariya nan take, fim ɗin da ke buƙatar minti ashirin kafin ya kafa labarinsa zai yi masa nauyi. Abin da sabo ya kawo kuwa, sabo yana iya kawar da shi.

Akwai kuma masu cewa yawan zaɓi ne. A wani gwaji da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an baje jam ɗin shafa wa burodi a wani kanti a Kalifoniya, wani lokaci kala 24, wani lokaci kala 6. Cikin waɗanda suka tsaya a teburin kala 24, kashi 3 cikin ɗari ne suka saya. A teburin kala 6, kashi 30. Daga baya, a 2010, wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 50 irin wannan, suka ga ba kullum abin yake faruwa haka ba, don haka ba doka ba ce. Amma a harkar fim, injiniyoyin Netflix da kansu sun rubuta a 2015 cewa mai kallo yakan sare bayan daƙiƙa 60 zuwa 90 yana lalube, bayan ya duba finafinai 10 zuwa 20. Duk wanda ya taɓa buɗe memori mai fim talatin ya rufe bai kalli ko ɗaya ba ya san wannan.

Sai ra'ayin da ba a raina shi a ƙasar Hausa: masu cewa wanda fim ya fita ransa ya gode wa Allah, ya sami lokacin karatu da ibada da sana'a. Muhawara tsakanin malamai da 'yan fim ta girmi hukumar tacewa kanta, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a a Kano, ta kuma yi zafi ƙwarai a 2007 lokacin da aka dakatar da shirya finafinai a jihar na tsawon watanni. Wanda ya bar kallo a kan wannan hujja ya yi zaɓinsa, kuma ba wanda ya isa ya ce masa ya yi asara. Amma ba kowa ne ya bar fim ya koma littafi ba. Da yawa sa'o'in nan biyu suna nan suna tafiya, sai dai a gutsuttsuren bidiyon da ba a iya tuna ko ɗaya da safe.

Idan aka auna ra'ayoyin nan, na farko ya bayyana dalilin gajiya da wani nau'in fim, na biyu da na uku kuma su suka fi bayyana dalilin gajiya da kallon kansa.

Abin da ke dawo da marmari

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara yawan kallo: a nemi wanda ake yayi, a kwana ana bin kashi bayan kashi ko za a dace. Mai ginsa ba a ƙara masa alkaki. Hutu na makonni, ba tare da jin an yi laifi ba, shi ne matakin farko.

Bayan hutu, tazara. A 2009 Leif Nelson da Tom Meyvis da Jeff Galak suka wallafa binciken da ya ba mutane mamaki: waɗanda suka kalli shiri ana katse shi da talla sun fi jin daɗinsa a kan waɗanda suka kalle shi a jere, duk da cewa kafin a fara kusan kowa ya ce ya fi son marar talla. Ba tallar ce ta yi daɗi ba. Katsewar ce take hana sabo ya daƙushe daɗin. Wannan shi ne aikin da "mu haɗu a kashi na biyu" yake yi a da ba tare da an sani ba. Mai son marmarinsa ya dawo zai iya ƙirƙirar jiran da kansa: kashi ɗaya a zama ɗaya, ko dare ɗaya a mako, ko da sauran suna nan a waya.

Zaɓi kuma a gama shi kafin a zauna. Fim ɗaya da wani wanda ka yarda da idonsa ya ce maka ka gani ya fi jerin da na'ura ta tsara maka, domin ita na'urar irin abin da ka riga ka kalla take ƙara turo maka, wato ainihin abin da ya ginshe ka. Canza nau'i ma yana aiki. Wanda soyayya ta gundura zai iya gwada fim na tarihi, ko shirin da ke nuna rayuwa ta gaskiya, ko finafinan ƙasashen da bai saba da su ba, irin su Iran da Senegal, inda ake ba da labarin talakawa Musulmi cikin natsuwa. Fim mai farko da ƙarshe a zama ɗaya ya fi dacewa da mai farfaɗowa a kan mai dogon zango, domin yana ba shi abin da ya daɗe bai samu ba: ganin labari ya kammala.

Komawa ga tsohon fim ma ba ɓata lokaci ba ne. Ed O'Brien na Jami'ar Shikago ya nuna a 2019 cewa mutane suna raina daɗin da za su ji idan suka maimaita abu, har da sake kallon fim, sai sun yi su ga ya fi yadda suka zata, saboda suna lura da abubuwan da suka wuce su a karon farko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma mafi ƙarfi cikinsu duka shi ne jama'a. A mayar da fim kan talabijin ko kwamfuta, a ajiye wayoyi a ɗaki, a kira mutanen gida. Mutum shi kaɗai yana iya tura fim gaba ko ya kashe a minti na goma. Cikin mutane dole ya haƙura, kuma sau da yawa wannan haƙurin na minti ashirin na farko shi ne kuɗin shiga labarin. Gidajen kallon ƙwallo hujja ce a fili. Matashin da ake cewa ba ya iya tsayar da hankalinsa yana zama minti casa'in a kan benci, cikin zafi, ya biya kuɗi, bai ko ƙyafta ba, domin akwai jira na mako guda, akwai wasa ɗaya tak a gabansa, akwai kuma mutanen da zai yi musu da su.

Abin da wannan ke nufi ga aljihu da gida

Kallo ba kyauta ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tayar da janareta don fim ya zama abin da ake lissafi a kansa, a Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Gidan da mutum biyar ke kallo a waya biyar yana biyan data sau biyar da caji sau biyar. Idan aka sauke fim ɗaya aka kalla tare, kuɗin ya ragu, iyaye kuma sun san abin da 'ya'yansu ke gani, wanda shi ne babban abin da masu kiran a tsaurara tacewa suke nema, kuma abu ne da hukuma ba za ta iya yi a cikin wayar kowane yaro ba.

Ga masu shirya finafinai kuwa, mai kallon da ya gaji ba ya rubuta takardar koke, ɓacewa kawai yake yi, kuma alƙaluman YouTube ba sa nuna dalilin tafiyarsa. Jan labari yana kawo kuɗin talla a wannan watan, yana kuma rage waɗanda za su amince su fara sabon shiri a shekara mai zuwa. Akwai alamun wasu sun fara neman wata hanya. A 2024 kwamitin Najeriya ya zaɓi Mai Martaba, fim na Hausa a kan rikicin sarauta, ya wakilci ƙasar a gasar Oscar, a farkon shekarar kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Ko irin waɗannan finafinai za su yawaita, ya dogara ne a kan samun inda za a haska su a biya, a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da kuma ko mutanen da suka ce fim ya fita ransu za su yarda su sake fitowa su zauna tare.